A Dutsenmu Ba a Amsa Kira Ɗaya

Maganin Mama na je karɓowa a birnin Volos ranar. Ba wata doguwar tafiya ba ce: a gangara dutse, a bi layi a kantin magani, a hawo. Kafin in fita na ba ta abinci, na canza mata safa, na zaunar da ita gefen murhu da kwandon wake tana tsincewa, don in dai hannunta na aiki ba ta tashi. Sannan na tsaya a kan ƙanena Stamatis, wanda ke miƙe a doguwar kujera ko takalmi bai cire ba.

"Yamma ɗaya na roƙe ka. Kada ka bar ta ita kaɗai."

"Na ji, Likita."

"Ko bayi ta shiga, ka tsaya a ƙofa."

"Na ce na ji. Ni ma uwata ce, ba akuyar da aka kawo miki asibiti ba."

Likitar dabbobi ce ni, shi ya sa yake min wannan kiran, kuma ba don girmamawa ba. Tun bara waccan na rufe asibitina a birni na dawo ƙauye, lokacin da Mama ta fara zuba gishiri a kofi tana tambayata 'yar gidan wa ce ni. Ni ke mata wanka, ni ke yanke mata farce, ni ke tashi in ta yi tari. Sunana ya ɓace mata tun hunturun farko. Na Stamatis bai ɓace ba. Ya yi sati bai leƙo ba, amma yana shigowa fuskarta za ta washe ta ce, "Stamatis, Stamatis, ka ci abinci?" Ni kuwa "ke, ke" take ce min.

Ko a hakan sau biyu take faɗa, domin a ƙauyenmu ba a kiran mutum sau ɗaya. Yaro kan koyi wannan kafin ya iya ɗaure igiyar takalminsa. In za ka kira, ka jera sunan sau biyu a numfashi guda. In kuma ka ji naka sau ɗaya tak daga cikin itatuwa, kada ka amsa. Matan Kirki ne, masu zama a bakin maɓuɓɓuga. Ba ma faɗin ainihin sunansu. Sukan ari muryar wanda ka sani su kira ka da ita, sai dai ba sa iya jera kira biyu. In ka amsa, taka muryar ba aro ba ce, sun tafi da ita ke nan. Baƙi na zuwa dutsen nan namu, Piliyo, neman mutanen nan na tatsuniya masu rabin jikin doki, mu kuma mu sayar musu da hotonsu a jikin riga da kofi. Matan Kirki ba wanda ya taɓa buga su a riga. Na karanci maƙogwaro da jijiyoyinsa, na san inda murya ke fitowa. Duk da haka ko a birni sau biyu nake kiran ma'aikaciyata, tana min dariya.

Rana ta jingina bayan dutse lokacin da na dawo. Na tarar da ƙofa a buɗe, kwandon wake a kife, kaji na ta biki. Akwai ƙararrawar akuya da na ɗaura a ƙyaure don in ji motsi in Mama ta buɗe. An kwance ta, an ajiye a kan taga, an cusa mata tsumma a ciki.

Na daɗe ina kallon tsumman nan. Na duba ɗakuna, na duba bayan gida, na leƙa rijiya. Sannan na zare tsumman, na sa ƙararrawar a aljihu, na ɗauki tocila na nufi dandali.

Yana can gindin babbar bishiya, a teburin gidan kofin Barba Zisis, suna buga karta da abokan farautarsa. Bindigoginsu jingine da bango, kofunan giyar tsipuro a gabansu.

"Ina Mama?"

Bai ɗago ba. "Tana barci."

"A ina?"

Sai ya ɗago.

"Wa ya toshe ƙararrawa?"

"Iska ce ke ta kaɗa ta, ta hana ni runtsawa. Na ce bari in leƙo nan, karta zagaye ɗaya kawai in koma..."

"Likita ta zo yi maka allura, Stamatis," in ji ɗaya daga cikinsu. "Juya mata cinya."

Na sa hannu na share teburin. Karta da kofuna suka watse a kan duwatsu. Ba wanda ya yi dariya.

Barba Zisis ya fito yana goge hannu da tawul. Tsoho ne, tsaran mahaifinmu marigayi. "Mamarku Garufaliya ce ta fita? Ɗazu matar limamin coci ta ce ta hango wata da baƙin mayafi ta kama hanyar sama. Wai da tulu a hannunta."

Tun da aka jawo famfo ƙauye ba mai zuwa maɓuɓɓugar sama ɗibar ruwa. Amma a can Mama ta ɗiba tana budurwa, kuma a tunaninta yanzu budurwa ce.

Barba Zisis ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "'Yata, jira mu tara mutane da fitilu."

"Ku tara. Ni na tafi."

Stamatis ya miƙe, kujerarsa ta faɗi. "Mu je tare."

"In ka biyo ni, a kwari za a tsince ka. Ka bi ta hanyar rafi, ko ta gangara can."

Na juya, tsohon ya kamo hannun rigata. "Asimina, Asimina. Bar fushin nan a nan in ajiye miki, in kin dawo ki karɓa."

"Shi zai kai ni sama, Barba."

Hanyar sama tsohuwar hanyar alfadarai ce, shimfiɗe da duwatsun da ƙafa ta goge har suna santsi. Lokacin zubar kastana ne, 'ya'yan itacen nan da muke gasawa. Ɓawonta mai ƙaya ya cika ƙasa kamar matattun bushiya, yana ruƙushewa a ƙarƙashin takalmina. Warin jiƙaƙƙen ganye, da ruɓaɓɓen tuffa daga lambunan da aka bari, da hayaƙin murhun ƙauye da ke biyo ni a baya. Can ƙasa teku ya koma launin toka. Ƙararrawar coci ta buga ta addu'ar yamma.

"Mama, Mama." In kira, in kaɗa ƙararrawa, in tsaya in saurara. Haka na riƙa yi a kowace kwana, ban tsallake ko ɗaya ba.

Tsakanin kira da kira kuwa da Stamatis nake magana a raina. Na jera masa komai a kan tsari. Zanin gadon da nake wankewa kullum safiya. Asibitina da na rufe. Ranar da ta tofa min miya a fuska, shi kuma ya shigo da alewa ta sumbaci hannunsa. Yamma ɗaya. Ga kalmomin nan a bakina, masu zafi, na tanada su tsaf.

A inda itatuwan kastana suka ƙare na tsinci silifas ɗinta guda. Na sa a ɗaya aljihun.

Daga nan dogayen itatuwa ne masu farin jiki sumul, a tsaye ƙiƙam, ba sa barin haske ya sauko. Sanyi ya ƙaru. Na kunna tocila. Aladun daji sun tone gefen hanya, ƙasar ɗanya ce, ba su daɗe ba. Na rage sauri, don na san abin da uwa mai 'ya'ya ke yi wa mutum.

Sai na gan su. Uwar tana kwance a tsakiyar hanya, 'ya'yanta jere a gefenta. Na haska ta, ko kunne ba ta motsa ba. Kusa da su yanyawa ce a zaune, kusa da ita zomo. Duk sun ba ni baya. Duk sama suke kallo.

Rayuwata duka a cikin dabbobi na yi ta. Zomo ba ya zama kusa da yanyawa.

Na ratsa ta gefensu, kafaɗata na gogar itace. Numfashinsu kawai nake ji, a tare yake shiga, a tare yake fita.

Wata mujiya da ke kuka tun ɗazu ta yi shiru. Iska ta tsaya. Wani ƙamshi ya taso, na zuma, da na jiƙaƙƙen gashi.

"Asimina."

Muryar Stamatis ce, daga hannun dama. Jini ya hau min kai. Ashe biyo ni ya yi. Na buɗe baki, kalmar farko ta riga ta hau harshena.

Sai na jira na biyun, don sabo kawai.

Bai zo ba.

Na haska dama. Babu hanya a can. Gangare ne miƙe zuwa kwari, ko akuya ba ta tsayuwa a wurin.

Na rufe bakina. Na sa harshe tsakanin haƙora na riƙe.

"Likita." Yanzu daga hagu, da 'yar dariyar nan tasa ta hanci.

Na ci gaba da hawa. Ban ƙara kiran Mama ba. Ƙararrawa kawai nake kaɗawa, ita ma ƙararta ta dushe kamar an mayar mata da tsumman.

Maɓuɓɓugar na gindin wata tsohuwar bishiya mai kogo, ruwan na zuba cikin kwamin dutse. Yana zuba ina gani, amma ba ya ƙara.

Mama na zaune a bakin kwamin, ƙafa ba takalmi, tulu a cinyarta. An cire mata mayafi. Farin gashinta a kwance har baya.

Suna mata kitso.

Na yi ƙoƙarin ƙirga su, lissafin ya ƙi zama. Dogaye ne, cikin fararen tufafi jiƙe sharkaf, amma ko ɗigo ba ya sauka ƙasa. Yatsunsu na tafiya cikin gashin Mama da sauri, da tausayi ma. Ban yarda na kalli fuska ba. Na mai da tocila ƙasa.

Ƙafa ɗaya ta mace, fara, kyakkyawa. Ɗayar kofaton jaki, wanda ba a taɓa yankewa ba, ya yi tsawo ya lanƙwashe sama.

Na taka. Na ƙara takawa. Na kama wuyan hannun Mama. Sanyi ƙalau.

Ta ɗago ta yi murmushi. "Ke, ke, kin zo?" ta raɗa. "Kitso suke min. Gobe akwai rawa."

Na ɗora yatsa a leɓena. Na ja ta a hankali. Ta miƙe, amma gashinta na hannunsu.

Wadda ke riƙe da shi ta sunkuyo. Bakinta a buɗe yake, leɓen ba sa motsi. Muryar ƙanena ta fito daga ciki kamar daga rijiya.

"Tsumma kawai na sa, mene ne abin tada hankali?"

Na ciji harshe.

"Kin gaji da ita. Faɗi gaskiya."

Na fara zare gashin daga yatsunta, sili-sili, yadda nake zare ƙaya daga jikin kare.

"Ranar da za ta mutu, ke za ki fi kowa barci."

Gishirin jini ya cika min baki. Saura kaɗan. Saura tufka ɗaya.

Ta matso har sanyinta ya taɓa kunnena.

"Wanke ta, goge ta, duk a banza. Nawa sunan ta sani. Ke ko baiwa an fi saninta. Asimina."

Ban san lokacin da na saki gashin ba. Na ɗago na kalle ta ido cikin ido, idanun kamar ruwan kwamin, ba komai a ciki. Duk abin da na tanada tun daga ƙasan dutse, da na bara, da na bara waccan, ya taso lokaci guda. Na ja numfashi har ƙirjina ya yi zafi.

Tafin hannu ya rufe min baki.

Hannun da nake yanke wa farce ne. Da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Asimina, Asimina," in ji Mama. "Yi shiru."

Muryarta ce ta dā, wadda ke tsayar da mu cak a bakin titi muna yara. Ta dube ni, ta san ni sarai. Sannan ta juya gare su, hannunta na kan bakina.

"Na'am. Ga ni. Da ni za ku yi magana, ba da 'yata ba."

Kalmar ƙarshe ba ta ƙare ba. Ta yi tsawo, ta sirance, tana fita daga bakin Mama kamar ana jan zare daga tsohuwar riga. Suka matso gaba ɗaya da bakuna a buɗe. Mama na ta motsa leɓe. Zaren ya tsinke.

Ruwan kwamin ya dawo da ƙararsa.

Na fizge gashin, tufkar ta rage a hannunsu. Na sunkuya na goya ta. Ba nauyi, kamar ɗan maraƙin da bai ci ba. Tulun ya faɗi ya fashe.

Na gudu.

Aladun sun watse, ina jin su suna keta daji. Tocila ta suɓuce, ban tsaya ba. Duwatsu na santsi, reshe na dukan fuskata.

A bayana kofato na bugun dutse. Taku mai laushi, taku mai ƙarfi. Mai laushi, mai ƙarfi.

Sai dariya. Dariyar Mama.

Kumatunta na manne da wuyana, bakinta a rufe. Dariyar daga sama take zuwa. Suna gwada ta, kamar mata sun sami sabuwar riga. Ta yi ƙasa, ta yi sama. Ta ɗauko waƙar da take mana ta barci.

"Asimina."

Na faɗi a kan gwiwa cikin ƙayar kastana. Na tashi.

"Asimina."

Kusa. Iska mai juyawa ta taso da ganye ta kewaye mu, ƙamshin zuma ya toshe min hanci. Na zaro ƙararrawa da hannu ɗaya na yi ta kaɗawa a gefen kunnena, don kada in ji, don na san in na ƙara ji zan juya.

Fitilu suka ɓullo a ƙasa.

"Asimina, Asimina! Mama, Mama!"

Sau biyu. Iskar ta kwanta, ganyen suka zube. Stamatis ne a gaba, jiƙe har ƙugu da ruwan rafi, Barba Zisis da sauran na bayansa suna haki. Ya miƙo hannu zai karɓe ta. Na kauce.

"Tana lafiya? Asimina, Asimina, yi min magana, don Allah."

Na tofar da jini a gaban takalminsa. Ban buɗe baki ba sai da na taka dandali, na ga hasken gidan kofi. A can na gwada muryata, na ji tana nan. Abin da na fara faɗa da ita shi ne, "Matsa min a hanya."

Likitocin Volos sun ce wata 'yar jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Na karɓi hoton na duba da kaina, na sake dubawa. Ban ga abin da suke nufi ba, su ma da na matsa musu sai suka ce a irin shekarunta komai na iya faruwa. Tana ci, tana tafiya, tana tsince wakenta. Ta koma ba ta san ni ba. In ta buɗe baki ba abin da ke fita. Ko tarinta ba ya ƙara, sai dai in ga kafaɗunta na girgiza. Gurbin tufkar nan gashi bai sake tsirowa ba.

Stamatis ya mayar da ƙararrawa a ƙyaure, ya ƙara wata a taga. Ya daina karta. A bakin ƙofa yake shimfiɗa yanzu. In ya shigo har yau fuskarta na washewa, leɓenta su motsa sau biyu, shi kuma ya fita waje ya yi kuka. Rannan ya ce min, "Ki zage ni mana, ko na samu sauƙi." Na ce masa ba ni da kalmar da zan ɓata. Barba Zisis ya tambaye ni ko na huce. Na ce a'a, kuma kada ya ƙara tambaya.

Ban san da wa na fi fushi ba. Da shi, ko da su, ko da ciwon da ya riƙe min sunana tsawon wannan lokaci ya sake shi sau ɗaya, a wurin da ya sake shi.

Kullum in rana ta jingina bayan dutse, in ƙararrawar coci ta yi shiru, kiran na saukowa ta cikin itatuwan kastana. Muryar Mama ce, ba ta tsufa, ba ta rawa, ba ta manta komai ba.

"Asimina."

Na sani sarai. Duk da haka hannuna kan tsaya a kan abin da nake yi, in saurara, ko na biyun zai biyo.

Mama kuwa, wadda ba ta san ranar mako ba, ba ta san 'yar gidan wa ce ni ba, sai ta ajiye kwandon wake, ta taso, ta ɗora tafin hannunta a bakina.